Gahawar Da Auta Ta Haɗa Ita Kaɗai

Maganar auren Auta da Dogo ta tsaya cak ranar da Baba ya gano cewa Dogo, mutumin da yake haɗa masa gahawa, ba ya jin ƙamshin komai.

Baba bai ɗaga murya ba, don ba halinsa ba ne. Ya kira 'yar tasa ofis, ya ce ta turo ƙofa, sannan ya tambaye ta ko gaskiya ne abin da Manaja ya kawo masa. Ta ce gaskiya ne. Ya ce tun yaushe. Ta ce tun zazzaɓin da ya kwantar da Dogo bara.

"Kenan mai kirfan nan da ake ta yabo, harshen wa ne?"

"Nawa ne, Baba."

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce ta gaya wa Dogo kada manyansa su wahalar da kansu zuwa neman auren, a dakata tukuna. Duk wanda ya zauna da Baba ya san abin da "a dakata tukuna" ke nufi a bakinsa. Da ita ya sallami direban da ya fi daɗewa da shi, kuma har yau direban yana can yana dakatawa.

Auta ta koma ɗakin liƙe leda, inda take kula da mata masu aiki. Injin yana ta ƙarar da ya saba, matan suna jera ledoji a katan, kowacce ta sunkuyar da kai kamar ba ta san komai ba. Duk sun sani.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Ɗakuna ne a jere a bayan wani tsohon gareji: sito, ɗakin haɗi, ɗakin liƙe leda, sai ofis. Sana'arsu guda ce, garin gahawa da aka riga aka haɗa da madara da sukari da ƙamshi, mutum ya yage leda ya juye a ruwan zafi ya sha. Akwai mai citta, akwai mai cakulan, akwai mai kirfa. Baba ya fara abin ne da ƙaramin sikeli da rariya a kicin ɗin gidansa. Da girma ya zo, likita ya raba shi da zaƙi, sai ya ɗauko Dogo ya koya masa, ya damƙa masa ɗakin haɗi. Shi da bakinsa ya fara cewa yaron nan ya kwanta masa a rai, tun kafin Auta ta yarda ta ɗaga kai ta dube shi.

Abin da Baba ya koya wa Dogo, Auta ta haddace shi tun tana ƙarama, daga bakin ƙofar kicin. Gahawa ce za ta fara sauka a harshe. Ƙamshin kirfa ko citta ya biyo bayanta, kada ya riga ta, kada ya danne ta. Sukari aikinsa ya rage ɗaci, ba ya kashe shi ba. Garin ya narke da juyi kaɗan ba gudaji, madarar kuma kada ta bar maiƙo a baki. Sannan a bar kofin ya huce a sake kurɓa, domin mugun haɗi yakan ɓuya a cikin zafi, sai ya yi sanyi halinsa ke fitowa.

Bayan Dogo ya tashi daga zazzaɓin, wata rana ya same ta da kofuna biyu, ya ce ta faɗa masa wanne ne mai citta. Ta yi dariya, ta ce yau kuma jarrabawa za a yi mata. Ya ce a bakinsa duka biyun ruwan ɗumi ne mai ɗan zaƙi. Likita ya gaya masa abin yakan dawo, wani da wuri, wani a makare, wani kuma shi ke nan.

Daga ranar, kullum da safe sai ta biya ta ɗakin haɗi kamar ta je gaishe shi. Ya auna, ya dama, ta kurɓa ta ce a rage nan, a ƙara can. Ba su taɓa zama sun shirya yaudarar Baba ba. Kullum cewa suke sati mai zuwa zai dawo. A cikin wannan jiran aka yi mai kirfa, wanda ya fi duk sauran shiga kasuwa.

Asiri ya tonu ranar da wayar injin haɗi ta ƙone. Ƙauri ya cika harabar har masu gareji suka leƙo ta katanga. Manaja ya ruga ya banka ƙofa, ya tarar da Dogo ya ba injin baya yana tankaɗe, hankalinsa kwance.

Manaja ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba, wadda ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarta. Shi ke raba kaya a shaguna. Ya daɗe yana son Auta, ita kuma ta daɗe tana ce masa Yaya da irin muryar da ke kashe magana tun ba a fara ta ba.

Da yamma Gwaggo ta same ta a kicin tana wanke-wanke. Ba da faɗa ta zo ba, da kuka ta zo, wanda ya fi faɗa wuyar amsawa. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauko zance tun daga tushe: yadda ta karɓe ta tana cikin tsumma, yadda ta kwana a tsaye da ita lokacin ƙyanda, yadda ba ta taɓa buɗe baki ta nemi komai a wurinta ba. Ta ce ita ba ta ƙi Dogo don lalurarsa ba, lalura ba wanda ya fi ƙarfinta. Amma namijin da zai laɓe a bayan mace ya ci abinci da harshenta wata da watanni, me kuma zai ɓoye in an shiga daga ciki? Ta ce ko tukunya ce ta kama, sai dai maƙwabta su zo su gaya masa.

"Ni na ce ya yi shiru, Gwaggo."

"Ke kika ce, shi kuma ya ji daɗin ji. Auta, ga yayanki nan. Kin san cinsa, kin san shansa, kin san fushinsa. Me ya rasa?"

Auta ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita tas. Babu abin da Yaya ya rasa. Yana da fara'a, yana da abin hannunsa, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganar Gwaggo ba duka ce banza ba. Ta sha tambayar kanta, a lokutan da Dogo ke miƙo mata kofi yana kallon bakinta, shin ita yake jira ko hukuncin harshenta. Ta kuma sha tambayar kanta, ita ɗin, shin shi take zuwa gani da safe, ko sikelin da ba a taɓa bari ta taɓa ba.

Gwaggo ta fyace hanci, ta ce ta yi tunani, ba gaggawa. Ta faɗi haka ne da muryar mai gaggawa.

Washegari Manaja ya shigo ofis da nasa haɗin a roba. Ya ce shi da ke yawon shaguna ya fi kowa sanin abin da mutane ke so, kuma zaƙi suke saye ba gahawa ba. A rage gahawar, a ƙara sukari, a zuba filebo, wato ƙamshin kanti mai ƙarfi, wanda tun daga yage leda zai bugi hanci. Baba ya sa Auta ta dama. Shi kurɓa yake ya juya a baki ya tofar a wani gwangwani, saboda umarnin likita. Ya kurɓa da zafi, ya jira, ya kurɓa da sanyi, sannan ya ce wa Manaja wannan in aka daskarar da shi a firji, yara za su yi layi a kansa a ƙofar makaranta. Manaja ya yi dariyar yaƙe, ya ɗauki robarsa ya fita.

Baba ya jawo durowa, ya ɗauko makullin ɗakin haɗi ya ajiye a gaban Auta.

Ya ce ba rashin lafiyar Dogo ce ta ɓata masa rai ba. Da ya zo ya faɗa, da ya nema masa magani, ko ya canja masa aiki. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne kullum yana yaba wa mutum a gaban jama'a, mutumin yana cewa na gode, 'yar cikinsa tana tsaye a gefe ta bar shi yana ta yi. Ya ce daga gobe ɗakin nata ne, ta zaɓi wanda zai taya ta ɗaga buhu. Dogo kuma yau ne ƙarshen aikinsa.

"Ɗaya maganar fa, Baba?"

"Babu ɗaya magana. Gwaggonki ta zo min da tata, na ce sai abin da kika ce. Amma waccan kam na rufe ta."

Ta ɗauki makullin. Ta so a ce hannunta ya yi mata nauyi wajen ɗauka. Bai yi ba.

Ta sami Dogo yana wanke rariya. Ya riga ya goge sikeli, ya jera cokulan awo, ya ninke farar rigar aikinsa ya ɗora a kan buhun sukari. Ta gaya masa Baba ya ce ta zaɓi mai taya ta, kuma shi ta zaɓa. Ta ce ya ci gaba da awo kamar da, ita ta ci gaba da ɗanɗanawa, sai dai yanzu a fili. A hankali Baba zai huce, hancin ma zai dawo.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce wansa yana da shagon gyaran firji a wani gari, ya daɗe yana kiransa. A can ba a neman hanci, in ma an kawo firjin da kifi ya ruɓe a ciki, shi za a riƙa turawa.

"Kada ka mayar da abin nan wasa."

"In ban mayar da shi wasa ba, me zan yi da shi? Auta, kullum na buɗe ɗakin nan, kwalbar kirfa nake fara ɗauka. In sa hancina a ciki har sai na yi atishawa. Ko ke ban taɓa gaya wa ba."

Nan hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. Ta ce su biyu suka yi shirun nan, don me ita za a ba ta makulli shi a nuna masa ƙofa. Ya ce ai daidai kenan, tunda harshen nata ne. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai a shekarar nan ba rashin ƙamshin ba ne, lokacin da Baba zai dafa kafaɗarsa yana yabo ne, shi kuma ya saci kallonta ya ga ko ta fara raina shi.

"Ban taɓa raina ka ba."

"Za ki raina ni. Ba yau ba. Ranar da kika ga kina iyawa ba tare da ni ba, ni kuma ina tsaye da buhu a kafaɗa ina jiran ki ce a ƙara ko a rage. Gara in tafi kina ganina da sauran mutunci."

"Kenan ka bar ni da su."

"Na bar ki da abin da kika fi ni iyawa."

Ta zauna a kan buhu ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Ta ce masa matsoraci ne. Ta ce masa in da sonta yake da gaske, da ya shiga ofis ya durƙusa har Baba ya gaji. Ta ce masa Gwaggo ta riga ta fara kawo maganar Yaya, in ya tafi wa zai tsaya mata. Dogo bai musa ko ɗaya ba. Ya miƙa mata tsumman goge kofi mai tsabta, ya koma jikin ƙofa ya tsaya.

Da kukan ya lafa, sai ya shiga gaya mata abubuwan ɗakin. Kirfa a fara tankaɗe ta da ɗan sukari, in ba haka ba dunƙulewa take. Buhun madara kada a bar shi a buɗe ranar da gari ya yi damshi. Ƙamshi a ƙarshe ake zubawa, bayan an rage wa injin gudu. Sikelin yana ɗan karkata, ta riƙa daidaita shi kafin awo. Ta ce ya daina. Bai daina ba, sai da ya gama. Ya ce ba zai bar gari ba sai ƙarshen mako, sannan ya fita ya bar mata ƙofar a buɗe.

Da safe Auta ta buɗe ɗakin haɗi ita kaɗai. Farar rigar ta yi mata yawa, ta naɗe hannuwan. Motar Manaja ba ta harabar, aka ce ya fita raba kaya tun da wuri.

Sabon buhun gahawa aka buɗe, kuma tun daga shinshinawa ta ji ya fi na baya ɗaci, da ɗan ƙauri a ƙarshensa. Gwajin farko kirfa ta riga gahawa zuwa harshe, ta zubar. Na biyu ya yi gudaji, don ta manta tankaɗen da aka gaya mata jiya. Ta tsaya, ta wanke baki da ruwa, ta sake. Ta ƙara madara kaɗan don ta tare ƙaurin, ta ja sukari baya. Sannan ta yi abin da ta daɗe tana so Dogo yana jin tsoro: ta zuba ɗan gishiri, iya abin da bakin cokali ya ɗauka. Ta dama, ta kurɓa. Ɗacin ya kwanta bai ɓace ba, kirfar ta zo a bayansa a hankali, bakin ya saura wasai. Ta ajiye kofin a taga ya huce, ta sake kurɓa. Bai canja hali ba.

Sai a lokacin ta lura tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, kuma tun da ta daidaita sikeli Dogo bai faɗo mata a rai ba.

Ta dama sabo ta kai wa Baba. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya miƙa hannu wajen gwangwaninsa, sai ya fasa ya haɗiye. Ya jira kofin ya huce ya sake kurɓa. Ya ce tun da ya fara sana'ar nan ba a yi haɗi irin wannan a gidan ba, har da nasa.

"Kin gani? Ba ki buƙatarsa."

"Na gani, Baba."

Ta tsaya a inda take, ba ta ɗauki kofin ba.

"Na daɗe ina tsoron ko don ɗakin nan nake riƙe da shi. Yau na shiga ni kaɗai, na yi aikin, ya yi kyau. Kuma tun da na ajiye cokali babu wanda nake so in miƙa wa kofin sai shi, shi da ba zai ji komai a ciki ba."

Baba ya daɗe yana kallon kofin. Ya ce ya riga ya gaya mata ya rufe maganar. Ta ce ta ji, ba ta zo ta ce ya buɗe ta yau ba. Za ta je ne kawai ta gaya wa Dogo abin da ta gaya masa yanzu, ta dawo ta yi haɗin yamma. Ya ce bai ba ta izini ba. Ta ce ta sani. Ya juya kujerarsa wajen taga.

Ta rataye farar rigar, ta ɗauki mayafinta da jaka. Matan ɗakin liƙe leda suka bi ta da ido har ta fita daga harabar.

Dogo yana haya ne a saman wani shagon tayoyi. Ta kira wayarsa a hanya, a kashe. Ta hau matakala ta tarar da ƙofarsa a wangale, an share ɗakin, ba katifa, ba akwati, sai ƙusoshi a bango. Matar mai gidan tana shanya a baranda, ta gane ta, ta ce ai ya tafi tun da safe.

Auta ta ce ƙarshen mako ya ce mata.

Matar ta ce ita ma haka ta ji. Amma wani ya zo da mota mai katan-katan ɗin gahawa a baya, suka shiga ɗaki suka daɗe suna magana, daga nan suka fito da kaya tare. Dogo ko sallamar kirki bai tsaya yi mata ba, idanunsa sun yi ja.

"Shi baƙon kam mai fara'a ne," in ji matar, tana matse zane. "Har ya ce in taya ku addu'a, wai jiya kika amsa masa maganar aure a gaban babanki."

Auta ta tambaye ta wace tasha suka nufa. Matar ta ce ba ta ji sun faɗa ba.

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta ciro ta duba, Yaya ne. Ta bar ta tana yi har ta kusa tsinkewa, sannan ta ɗauka. Ya fara gaishe ta da fara'arsa, yana tambaya ya sabon aiki.

"Yaya," ta ce, "kana ina? Ka tsaya a inda kake."